Ranar da Baba Maitama Bai Tashi Ba

Adawiyya ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta tarar da Raudatu kwance kan shanyar masara, hannu ɗaya a ƙirji, baki a buɗe, ido a kafe yana kallon sama. Ta kira ta, shiru. Ludayin ya suɓuce. Ba ta san lokacin da ta tsallake turmi ta suri yarinyar ba, tana salati tana jijjiga ta, har sai da 'yar shekara huɗun nan ta ƙyalƙyale da dariya ta ce Umma ta ɓata wasan, ai ba a tashi sai an ce “kat”.

Ba ta tsaya tambayar wanda ya koya mata ba, tunda katanga ɗaya ce tsakaninsu da shi. Ta yafa mayafi, ta ja hannun yarinyar, ta shiga gidan maƙwabta.

Baba Maitama na zaune a inuwar zaurensa ta ciki, ya miƙe ƙafafu kan tabarma. Matarsa Gwaggo Tsohuwa na gefe tana tsintar wake. Adawiyya ta durƙusa ta gaishe su, don ko rai ya ɓaci ba a tsallake gaisuwa, sannan ta ce, “Baba, don girman Allah, me ka koya wa yarinyar nan?”

“Ta ƙifta ido?”

“Baba.”

“Tambaya nake, 'yar nan. In ba ta ƙifta ba, to ta fi rabin waɗanda na yi aiki da su a Kano.”

Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin daga Funtua har Malumfashi ya san fuskar Baba Maitama, kuma ya san abin da zai same shi. Asalinsa mai awon auduga ne a wani kamfani da ya daɗe da rufewa. Yana saurayi ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa, ana ba shi ɗan doka ko mai unguwa, ba wanda ya damu da shi. Wata rana masu ɗaukar wasa suka zo daga Kaduna, wanda zai fito a gawa ya ce shi dai uwarsa ta hana, aka waiwaya aka ga Maitama. Ya kwanta. Ƙuda ya sauka a leɓensa, ya zagaya, ya leƙa hancinsa, ya fito, Maitama bai motsa ba. Daga ranar ya sami sana'a.

Da finafinan kaset suka kankama, Kano ta riƙa aiko masa da kira. An harbe shi yana maigadi, an ba shi guba yana attajiri, maciji ya sare shi, mota ta kaɗe shi, ya faɗa rijiya, baƙin cikin 'ya'ya ya kashe shi ba adadi. Da an ga fuskarsa a farkon fim, mata sai su gyara zama su ce akwai rabon gado a gaba. Shi kuwa bai taɓa kallon fim ɗinsa har ƙarshe ba. In wurin mutuwarsa ya wuce sai ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce abin da magada suka yi bayansa ba huruminsa ba ne.

Adawiyya ba ta cikin masu ganin abin a matsayin abin dariya. Ta gaya masa a fili, cikin ladabi amma ba kwana-kwana, cewa ita 'yarta ba za ta yi wasa da mutuwa ba. A koya mata tatsuniya, a koya mata waƙar gaɗa, ko a bar ta haka nan. Baba Maitama ya ce ya ji, amma asara ce, don yarinyar tana da baiwa. Gwaggo ta ce masa ya ji kunya, tsofai-tsofai da shi.

Tana shirin tashi idonta ya sauka a ƙafafunsa. Sun kumbura sun yi sumul kamar an hura, har an yanka bakin silifas ɗin don su shiga. Ga kwanon tuwo a gefe, loma biyu kawai aka yi. Nan take faɗan ya bi ruwa, ta koma tambaya: tun yaushe, an je asibiti, me aka ce, yana shan maganin? Gwaggo ta ce zuciya ce, likita ya hana shi gishiri da dunƙule, amma da ta juya baya sai ya aika a sayo masa tsire ya ɓoye a hula.

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya daɗe. Da ya lafa sai ya dubi Adawiyya da wata fuskar da ba ta taɓa gani a talabijin ba.

“Ni ba mutuwar nake ji ba, 'yar nan. Ranar nake ji. Za a ce Maitama ya rasu, kowa ya ce ai ya saba, ya saɓi fartanyarsa ya wuce. A sallace ni da liman da ladan da mai facin bakin titi. Sahu ɗaya, shi ma bai kai ƙarshe ba.”

Ba a banza ya faɗi haka ba. Sau biyu ana kashe shi a waya. Wani marar aikin yi zai yanko hotonsa daga tsohon fim, ga auduga a hanci, ga farin ƙyalle, ya rubuta Allah ya jiƙan rai, kafin azahar labari ya game ƙasa. A karon farko mutane suka yi ɗango daga Bakori da Mahuta, wasu da kuɗin mota na aro, suka tarar da mamacin a ƙofar gida yana cin rogo da ƙuli. Malam Sada ladan ma ya riga ya yi sanarwa a lasifikar masallaci, yana cikin maimaitawa sai ga Maitama da butarsa yana tambayar ƙarfe nawa za a yi jana'izar, don kada ta wuce shi. Har yau in Malam Sada ya bi ta kasuwa ana tambayarsa ko akwai wata sanarwar. A karo na biyu rabin mutanen ne suka zo. Ga kuma wata shekara da 'yan fim suka ari makarar masallaci da sunan buƙata, sai ganinta aka yi a talabijin da Maitama a ciki. Tun ranar Malam Sada ya sa mata kwaɗo, ya rataya ɗan makullin a wuyansa.

Adawiyya ba ta iya lallashi da daɗin baki ba. Ta ce Allah ya ja kwana, ta ce kuma a daina tsiren nan, ta kama hannun 'yarta suka fita. Amma daga washegari in ta kaɗa miya sai ta ɗibi ta Baba a ɗan kwano kafin ta sa gishiri, ta miƙa ta kan katanga. Kullum kwanon zai dawo da saƙon cewa miyar ba ta da laifi, sai dai ta fi kama da hukunci.

Haka aka tafi har kaka ta kankama. Unguwa ta koma ta mata da tsofaffi. Da an idar da asuba maza za su hau babura su nufi gonaki, masu karyar masara, masu yankan waken suya, kowa na tsere da ruwan ƙarshe da ke iya sauka ya lalata abin da aka tara. Mannir, mijin Adawiyya, ya ɗauko 'yan ƙwadago daga Mahuta zuwa gonarsa ta hanyar Bakori. Aikinta shi ne ta dafa abincinsu, kafin rana ta take ɗan acaba ya zo ya ɗauki kulolin ya kai gona. Kusan kowane gida a lungun haka ake yi.

Ran nan da hantsi, ta ɗora shinkafa da wake ke nan, sai ta ji muryar Gwaggo ta kan katanga, a hankali, kamar mai neman aron rariya. Ta ce ta ɗan shigo.

Baba Maitama na kwance a ɗaki kan gadonsa, an juya shi ya fuskanci gabas, an rufa masa zane zuwa ƙirji. Adawiyya ta yi salati. Sai kuma ta kama kanta tsaye tana kallon cikinsa, tana jira ta ga ko zanen zai ɗaga. Kunya ta rufe ta.

“Kada ki damu, ni ma na jira,” in ji Gwaggo. “Har tafin ƙafarsa na sosa. Duk iya shegensa bai taɓa jure wannan ba.”

Daga nan tsohuwar ta zauna bakin gadon, hawaye suka zubo ba sauti. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a Musawa, ta riga ta kira ta, tana hanya. Sauran kuma ba ta san ta inda za ta fara ba.

Adawiyya ta fara da kiran mijinta a waya. Ta ji ƙarar karyar masara a bayansa, ta ji ya yi 'yar dariya ya ce Baba Maitama dai ba ya gajiya, a wane fim ne kuma? Ta rantse masa. Ya ce wancan karon ma an rantse, ya bar aiki ya zo, ya ƙare da sayen lemo. Ya ce hadari na haɗuwa ta gabas, ta tabbatar abinci bai makara ba, ya kashe wayar. Ta kira lambobin 'yan fim da ke wayar Baba. Ɗaya ya ce Allah ya isa tsakaninsa da masu yaɗa ƙarya, ɗaya ya ce a gaishe da Baba, akwai wani aiki bayan kaka. Na ukun ya ce in da gaske ne a ɗauko hoton gawar a turo. Adawiyya ta ce ba za a ɗauka ba. Hoto ne ya jawo duk wannan, kuma mutumin ya gama da kyamara.

Ta goya ƙanin Raudatu, ta nufi gidan ladan. Barakatu matarsa ta shigar da ita, aka yi wa Malam Sada magana ta bayan labule. Ya ce shi mumini ne, kuma ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya, balle sau uku. Adawiyya ta ce ba sanarwa ta zo nema ba, ba kuma makara ba. Taku kaɗan ne tsakaninsu, ya zo ya duba da idonsa. In ƙarya ce, ta yarda ya sanar da sunanta a lasifika.

Ya zo yana taku ɗai-ɗai, yana leƙen bayan ƙofa da saman katanga, ko zai ga an ɓoye wani da kyamara. Ya tsaya bakin gadon ya harɗe hannu a baya.

“Maitama, ni ne Sada. In wasa ne ka tashi yanzu, na yafe. In ka bari na taɓa lasifikar nan, ban yafe ba.”

Ya jira. Ya sunkuya ya ɗora tafin hannu a goshinsa, ya daɗe bai ɗauke ba. Da ya miƙe sai ya juya musu baya, ya ciro igiyar makullin daga wuyansa. Sun yi makarantar allo tare, ashe.

Aka yi sanarwa, Malam Sada ya haɗa da rantsuwa cewa wannan karon da hannunsa ya taɓa. Aka sa jana'iza bayan azahar. Ya aika wa masu haƙar kabari, ya kira wani dattijo suka shiga wanka. Da aka zo maganar likkafani aka tuna akwai wani farin yadi a akwatin Baba, wanda ya yi ta yawon fim da shi. Gwaggo ta ce a sayo sabo, wancan ya saba a tashi daga cikinsa.

Sai dai lasifika ba ta kai gona. Waɗanda suka ji a gari kuwa, mai shayi ya ce shi ya riga ya yi ta'aziyyarsa tun bara waccan, tana nan a ajiye. Rana ta fara ɗagawa, Adawiyya ta leƙa ƙofar gida. Tsofaffi ne 'yan ƙalilan kan tabarma ɗaya, sai mai faci da ya tsallako da man baƙi a hannu. Daidai yadda tsohon ya lissafa.

Ta koma gida ta tarar shinkafarta ta tsotse. Ta zuzzuba a kuloli kamar kullum, ta ɗaure da tsumma, ta tsaya tana kallonsu. Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa saɓa wa Mannir a kan abinci ba. Ta san abin da yinin 'yan ƙwadago yake nufi a wurinsa, ta san in ruwan nan ya sauka kan masarar da aka karya, shekara guda za a yi ana tuna mata. Ta kuma san wani abu ɗaya: namijin da bai yarda da rantsuwa ba zai yarda da cikinsa.

Ta ɗauki kulolin ta kai gidan Gwaggo ta jere a tsakar gida.

Daga nan ta bi gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya, goyo a baya. Maganarta ba ta da tsawo. An yi rasuwa a maƙwabta, kuma tun kaka da kakanni in an yi rasuwa maƙwabta ne ke kai abinci, gidan mutuwa ba ya hura wuta. To ga abinci an riga an dafa. Barakatu ce ta fara ɗauko tata tukunyar dambun. Wata amarya ta ce ita tana tsoron maigidanta, yana da zafi in ya ji yunwa. Adawiyya ta ce zafin ake so, shi zai kawo shi da wuri.

“In ya tambaya ki ce al'ada ce. Wanda ya ga an yi ba daidai ba, ya zo ya faɗa a gaban makara.”

Da 'yan acaba suka zo ɗaukar abinci, kowace ta aika da amsa iri ɗaya: abinci na gidan Baba Maitama, mai jin yunwa ya zo can. Wayar Adawiyya ta fara ruri. Ta duba sunan, ta tura ta ƙarƙashin filo, ta dawo ta ci gaba da abin da ke gabanta. Ta sa aka cika randuna da bokitai, ta aro butocin lungun kaf ta jere su a bakin zaure.

Ana gab da kiran azahar aka fara jin babura. Uku-uku suke tafe, wasu huɗu, ga akori-kura biyu cike da 'yan ƙwadago, riguna sun jiƙe da gumi, gemun masara a kafaɗa, kowa ya haɗe rai. Mannir na gaba. Tun daga hanyar Bakori yake shirya abin da zai faɗa, kuma daga yadda ya kafe babur ɗin an san ya shirya da kyau. Ya shawo kwanar lungu ya yi kiciɓis da makara jingine da bango, ƙamshin turare na fitowa daga zaure, Malam Sada na zaune a ƙasa ido jawur. Hayaniyar ta mutu daga gaba zuwa baya, kamar ana yayyafa wa wuta ruwa. Wani ɗan Mahuta ne kawai ya ci gaba da ɗaga kai yana duba rufin gidaje ko zai ga kyamara, har sai da na kusa da shi ya zungure shi.

Mannir ya shigo zaurensu ya same ta tsaye da buta a hannu. Ya dube ta ya ce:

“Da kin gaya mini da gaske ne.”

“Na gaya maka, Abban Raudatu.”

“To ai kin faɗa ne yadda aka saba faɗa.” Ya dubi ƙasa, ya dubi hadarin da ke can gabas, ya sauke numfashi. “Jiya da yamma fa Baba ya ce in kawo masa sabuwar masara ya gasa.”

Ta miƙa masa butar. Ya karɓa ya fita, ta ji yana gaya wa mutanensa su yi alwala, abinci sai an dawo daga maƙabarta. Ba wanda ya yi gardama. Waɗanda ke gari, ganin taron babura, su ma suka rufe shaguna suka biyo, har da mai shayin da ta'aziyyarsa ke ajiye.

Mata ba sa fita sallar gawa. Adawiyya ta zauna a ɗakin Gwaggo tare da sauran, 'yar Musawa ta iso tana kuka a jikin uwarta. Suka ji an fito da shi, suka ji ana a daidaita sahu, a matsa baya, a ƙara matsawa. Sai liman ya yi kabbara. Amsar da ta biyo baya ba ta da ƙarfi, kowa a maƙoshinsa ya yi ta, amma ta zo da kauri, ta daɗe tana gangarawa kafin ta ƙare. Gwaggo ta ɗago kai.

Da aka ɗauke shi, takun ya yi nisa, lungu ya yi tsit, sai tsohuwar ta kamo gefen zanen Adawiyya. Ita yanzu ta shiga takaba, ba fita. Ta ce, “Leƙa mini, 'yar nan. Sahu nawa?”

Adawiyya ta fita ƙofar gida. Ba kowa, sai babura birjik a jingine. A ƙasa ga layukan da aka ja da gefen takalmi don tsayuwar sahu, ɗaya bayan ɗaya. Ta fara ƙirgawa daga bakin zaure, ta bi su da ido suka wuce gidansu, suka tsallake kwata, suka wuce rumfar mai faci, na ƙarshe ya karkace a bakin kwalta saboda wuri ya ƙare. Ta bar ƙirgar. Tsakanin layukan duk sawun ƙafa ne da jar ƙasar gona, da ƙwayoyin masarar da suka zubo daga aljihu da naɗin wando. Kazar Gwaggo ta fito da 'ya'yanta, tana bin sahun farko a hankali tana tsinta.